Gaisuwar Alhamis a Hanwa

Takalma ne abin da na fara gani ranar da muka isa makarantar a Hanwa. A ƙofar ofishin mai makarantar akwai tabarmar roba, an jera takalman baƙi a kanta. Baba ya cire nasa, ya juya dunduniyar ta kalli bango, domin ta cinye ta gefe ɗaya. Na ajiye nawa a jikinsu don in ƙara kare su.

Ina ƙaramar sakandare lokacin. Makarantar da Baba ya daɗe yana koyar da Larabci a Tudun Wada ta rufe, ya koma zaman gida. Da aka ce wannan makarantar kuɗi tana neman malamin Larabci, ya je aka yi masa intabiyu. Ya dawo da fara'a. Ashe mai makarantar, wani Alhaji, ya taɓa ɗaukar karatu a zauren kakanmu. Ya ce wa Baba, "Malam, je ka gida, za mu neme ka."

Tun daga ranar wayar Baba ba ta sake barin aljihun gaban rigarsa ba. Ko alwala zai yi sai ya miƙo mini, ya ce in ta yi ƙara in kawo da gudu. Takan yi ƙarar, amma kullum masu talla ne.

Da shirun ya yi yawa Umma ta ce, "Malam, ka kira shi mana. Ko lambar tasa ado ka ajiye ta?"

"In kira in ce masa me? Ina aikina? Gidanmu ba a roƙo. Gaisuwa dai zan je."

"To, gaisuwa za mu tuƙa da dare?"

Baba ya waiwayo. Ni ya kalla, ya ce ranar Alhamis in an tashe mu zai biyo ya ɗauke ni. A kan babur ya gaya mini dalili. Ya ce mutum in ya je da 'yarsa, zumunci ya kai shi. In ya je shi kaɗai, kowa ya san abin da ya kawo shi.

Alhaji mutum ne mai raha. Yakan miƙe tsaye ya kama hannun Baba da hannu biyu. A gaisa, a tambayi iyali, a tambayi ruwa, a yi wa kakanmu addu'a. Sai ya juyo kaina.

"'Yar boko, yau ma bakin naki haya kika ba da shi?"

Sai in ja hijabi in sunkuyar da kai. Da haka na san ofishin daga ƙasa: ƙafar tebur ɗaya da aka tokare da kwali, da babban yatsan Baba yana motsi a kan kafet.

"Malam, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Alhaji. Wucewa muka zo yi, na ce bari mu gaisa."

Babu inda muke zuwa da zai sa mu wuce ta Hanwa. Alhaji ya sani. Yakan rako mu bakin ƙofa ya ce, "Maganarmu tana nan, in sha Allahu." Baba ya ɗauko wannan maganar kamar ƙwai, ya kawo wa Umma gida. Alhamis ta gaba mu koma mu karɓo irinta.

Baba har ya sayi littafin Larabcin da suke koyarwa a makarantar, mai koren bango. Bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a tsakar gida yana tsara darasi, wani lokaci ya gwada a kaina.

Ana cikin haka Kawu, ƙanin Umma, ya zo. Yana da shagon kayan gini a Kwangila, yana neman amintaccen mutum da zai zauna masa.

"Malam, kujera ce da fanka. Siminti ba ya gardama kamar 'yan makaranta."

Baba ya yi dariya, ya yi godiya, ya ce akwai magana tsakaninsa da Alhaji, ba zai yi masa baki biyu ba. Kawu ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata, daga nan dole ya sa wani. Da ya tafi Umma ta shiga kicin ta daɗe, alhali babu abin da ke kan wuta.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na ga wasu takalma da ban sani ba a kan tabarmar, ruwan ƙasa, da garin alli a samansu. Mai su saurayi ne, yana tsaye gaban teburin Alhaji. Ya durƙusa ya gaida Baba da ladabi. Alhaji ya ce, "Wani yaronmu ne," ya sallame shi da sauri. Da zai fita na ga abin da ke hannunsa: littafin nan mai koren bango, da alli a tsakiyarsa. Ba a jima ba muka ji yara a ajin da ke jikin ofishin suna maimaita Larabci da ƙarfi.

Na ɗago na kalli Baba. Idonsa ya bi littafin har ƙofa, sannan ya koma kan fankar sama. Yatsan ƙafarsa ya daina motsi. Aka gama gaisuwa yadda aka saba, Alhaji ya ce magana tana nan, Baba ya ce Allah ya saka da alheri.

A gida ya ce wa Umma, "An kusa." Bayan la'asar ya shimfiɗa buzunsa.

Na so in gaya wa Umma, na kasa. Na so in gaya wa Baba, amma 'ya ba ta gaya wa ubanta abin da ya gani ya kau da kai. Sai a hankali na gane Alhaji ma ba zai faɗa ba. Ba zai iya kallon ɗan malaminsa ya ce masa an ɗauki wani ba, Baba kuma ba zai tambaya ba. Kowa yana yi wa kowa kara, wata kuma yana ta tafiya, har Kawu ya aiko ya ce ranar Asabar zai ba wani mabuɗin shago.

Ranar Alhamis muka koma. Da muka tashi na bar jakar makarantata a ƙarƙashin kujera da gangan. Baba ya tada babur na ce na yi mantuwa. Ya ce in yi sauri.

Takalman nan masu alli suna kan tabarma a ƙofar aji. Na shiga ofis na durƙusa. Alhaji ya ɗago.

"A'a, 'yar boko, an dawo da bakin daga haya?"

Ban iya kallonsa ba. Kwalin da ke ƙarƙashin teburin nake kallo, ina jin ƙarar babur ɗin Baba a waje.

Na ce, "Alhaji, don Allah ku fito ku gaya wa Baba an ɗauki wani. Daga bakinku kawai zai yarda."