Fim ɗin da ba a wanke ba

A tashar Tanut wani dattijo yana zaune kan buhun gero, ya rufe tsohuwar kyamara da bakin rawaninsa. Zuhaira, da ke jiran motar Damagaram, tana kallon hannunsa na manomi yana yi wa kyamarar riƙon ƙwai.

Wata mai fura ta ce, "Baba, buɗe mu gani mana."

"In haske ya shiga, hoton ya tafi, ɗiyata. Sai an wanke a Damagaram. Matata Tabawa ce a ciki tana sussuka, shekarar da ta rasu."

Zuhaira tana zaton tsoro ne ya hana shi zuwa tuntuni, kada a ce fim ɗin ya lalace.

Direba ya miƙo hannu zai haɗa kyamarar da kaya. Dattijon ya sa ta cikin rigarsa, ya shiga mota.