Shekarar da Aka Kifa Damin Riɗi

Jiya da hantsi ina zaune a rumfar ƙofar gida, wata lori ta taho daga wajen Doka, ta yar da ɗan karan riɗi a bakin hanya. Rana ta buge shi, sai na ji ƙwanson ya yi ƙas, ya buɗe baki. Ƙarar ba ta fi ta karyewar farce ba. Kunnen nan nawa da ba ya jin kiran abinci sai an maimaita, wannan kam ya ji ta sarai.

Ka yi haƙuri da rubutuna, mai karatu. Makarantar da na yi ba ta kai ta kawo ba, na baro ta daidai inda malam ya fara cusa baƙaƙe cikin lissafi. Kuma ba laifina ba ne, gado ne. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, suka iso nan garin Gadarif, suka ce bari su ɗan huta. Hutun nan muke yi har yau. To in ɗan irin wannan zuriya ya zauna zai yi wa iyaye mata wa'azi a kan ƙarasa abin da aka fara, ya kamata a gyara zama, don ya san ciwon tun daga tushe.

Sai dai wa'azin ba nawa ba ne, aro na yi. Mai shi wata Kirista ce, Bahabashiya, da darni ɗaya ya raba gidanmu da nata. Tana sayar da jabana, wato gahawar nan mai citta, a bakin kasuwa. Akwai zanen gicciye a goshinta da baƙin zare a wuyanta. Larabcinta a karkace yake, na Inna ma a karkace, suka haɗu a karkacen suka fahimci juna. Mu yara Mai Jabana muke ce mata.

Inna na da 'yar gona bayan unguwa, ita ta shuka riɗi a ciki da hannunta. Baba yana can manyan gonakin Doka, shi da sauran mazan unguwa, ba a ganinsu sai an gama kaka. Wanda bai san riɗi ba, bari in gaya masa halinsa. Dawa tana jiran mai ita, riɗi ba ya jiran kowa. Da ganyen ya yi rawaya sai a yanke shi da raɓa, a ɗaure, a jingina damin tsaye, kai sama, ya bushe a haka. In aka yi sakaci, ƙwanson ya fashe, ƙwayar ta zuba. Ƙasarmu kuwa baƙar laka ce, da ruwa ya ɗauke take tsagewa har hannu ya shige. Abin da ya faɗa ciki ba a share shi, ba a tsince shi.

A shekarar da nake ba ka labari, Inna ta yanke gefe guda na gonar ke nan zazzaɓi ya kama ƙanwata, wadda ake goyo. Ba ta daɗe ba ta rasu. Baba ya zo aka kai ta, ya zauna zaman makoki, lori ta zo ya koma, don riɗin can ma ba ya jira. Inna ta hau gadon igiya a tsakar gida ta zauna. Ba ta yi kuka ba. In an miƙa mata ruwa ta sha, in ba a miƙa ba shi ke nan. Zanen goyon yana ninke a cinyarta. Mata suna shigowa suna cewa a yi haƙuri, tana cewa to.

Goggo, yayar Baba, ita ce ke fita ta dubo gonar ta dawo tana tafa hannu. Ta ce riɗin nan shi ne dawarmu, shi ne manmu, shi ne abin da zai kai mu wata damina, ga shi ya fara magana a gona. Ita ƙafa ta hana ta sunkuyo. Maƙwabta kuma kowa na cikin nasa riɗin, don rana ɗaya yake nuna wa kowa. Inna ta ji duk wannan, ta ce to. Ni ma a lokacin ba na jin komai. Ina tuna ƙuda a bakin ƙwarya, ina tuna inuwar darni tana tafiya, amma ban tuna ina baƙin ciki ba.

Ranar Lahadi da sassafe Mai Jabana ta shigo cikin farin mayafinta na zuwa coci. Ba ta je cocin ba. Ta zare laujen Inna daga jinka, ta ɗauki kujera 'yar tsugunne, ta ce wa Inna zama dai zama ne, ta zo ta yi shi a bakin gona, can ya fi iska. Inna ta bi ta kamar mai tafiya cikin barci. Na bi su.

Ta ajiye Inna a gindin wata ƙaya, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta shiga yanka. Yankan ba laifi. Ta ɗaure dami, sai ta juya shi ta kafa shi kai ƙasa, yadda ake jingina tsintsiya. Riɗi ya yi shaa cikin tsaguwar ƙasa. Na ce mata ba haka ake yi ba, ta ce ba ta gane Larabcina. Ta sake ɗaure wani, ta sake kifawa. Inna na kallo. Na ga yatsunta sun fara motsi a kan zanen goyon.

Can Inna ta ce, da muryar da na kwana biyu ban ji ba, “Kifa shi kike yi.”

Mai Jabana ta ce ita mai gahawa ce, me ta sani, a zo a nuna mata. Inna ta tashi ta gyara dami ɗaya, ta koma ta zauna. Matar nan ta yanko wani, ta dube shi sama da ƙasa kamar mai nazari, ta kifa.

Sannan ta zo ta tsuguna gaban Inna, lauje a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

“Maƙwabciya, ni ma na binne biyu. Ɗaya a hanya, yau ko wurin ba zan gane ba. A cocinmu ana gaya mana Maryama ta tsaya a gindin itacen da aka kafa ɗanta. Ba ta iya sauko da shi ba, ba ta kuma tafi gida ba. Tsayawa ta yi har aka gama. Ban ce ki daina jin zafi ba, ki shiga gonar da shi. Ubangijin da ya ba ki ƙarfi ranar shuka bai yi tafiya ba ranar yanka.”

Inna ta ce, “Mu ba haka muka ji labarin Annabi Isa ba.”

“To ku riƙe yadda kuka ji. Riɗin dai naki ne, ga kuma mai ci nan tsaye.” Ta nuna ni da lauje.

Inna ta dube ni kamar ranar ta fara ganina. Ta ɗaura zanen goyon a ƙugu, ta karɓi laujen.

Kada ka zaci daga nan aka yi ta murna. Ba a yi ba. Kullum da raɓa suke fita, Inna da Mai Jabana, kafin waccan ta je ta hura wutar gahawarta. Inna na yanka fuskarta kamar bango, ba waƙa, ba hira. Wata rana ta tsaya tsakiyar layi ta daɗe tana kallon ƙasa, Mai Jabana ta tsaya kusa da ita har ta sake sunkuyawa. Da yawa ya riga ya tafi wa tururuwa. Abin da ya saura ya bushe, suka kakkaɓe shi a kan tabarma, ya kai mu damina da ƙyar, da miya tsararo. Goggo ta yi ta gunaguni wai Kirista ta shigo mana da wa'azi har gona, amma ban taɓa ganin ta mayar da finjalin jabana ba in an miƙo ta saman darni.

Sai da na yi gemu na ji cewa garin su Mai Jabana, can ƙetaren iyaka, ba abin da suke nomawa sai riɗi. Ni dai ban yanke hukunci ba, karatuna bai kai nan ba. Ta koma ƙasarsu tun da daɗewa, Inna kuma ta riga mu gidan gaskiya. Inda gonar take yanzu gidaje ne.

Gadarif ta cika da baƙi tun da yaƙi ya koro mutane. A cikinsu har da 'yata, ta zo da yarinyarta, mijin kuwa ba labari. Tana zaune a tsakar gida, in an miƙa mata ruwa ta sha. Tun makon jiya ta fara yi wa yarinyar kitso, ta yi gefe ɗaya ta saki, ɗaya gefen yana tsaye kamar sheƙar tsuntsu. Na nemi maganar da zan faɗa mata, na ga bakina ba irin na Mai Jabana ba ne. Ku iyaye mata da kuka san irin wannan zama, ku kuka fi ni sanin nauyinsa.

Yau da safe na kira jikar tawa, na zaunar da ita a gabana, na ɗauki matsefi da waɗannan yatsu da ba su taɓa kitsa ko igiyar akuya da kyau ba. Na ja layi ya tafi kunne. Yarinyar tana ta dariya tana cewa Kaka da zafi. Uwar ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Baba, ba haka ake yi ba.”

Na ce ban ji ba, kunne ya tsufa. Ba ta tashi ba tukuna. Na kama wani layin.