Taleya da Jar Igiya

Taleya burodin sha'ir take sayarwa a kasuwar tsohon birnin Atina, ni kuma zaitun, rumfunanmu na kallon juna. Gajeriya ce mai kaurin damtse, ba ta iya raɗa ba, ko gaisuwa ta yi maka sai ka ɗauka faɗa ne. Mijinta Mikon teku ta cinye shi a yaƙi, babban ɗansu ya bi sahu. Saura ƙaramin ɗansu Fidon, matuƙi a jirgin ruwan yaƙi, wanda har ya yi gemu tana duba masa bayan kunne ko ya wanke.

Mazajenmu sun iya cika baki wai su ke mulkin kansu, amma ranar taron gari sai an kora su kamar awaki. Bayin gari kan jiƙa doguwar igiya da jar ƙasa, su ja ta su share kasuwa. Duk namijin da ta shafa wa riga dole ya hau tsaunin taro, inda ake yanke shawara da ɗaga hannu, ko a hukunta shi. Mu mata mukan tattare zannuwa mu matsa gefe, tunda ba da mu ake ba.

Ranar da za a yanke shawarar tura jirage yaƙi wani tsibiri mai nisa, Taleya ta ƙi matsawa. Ina kallo ta fito tsakiyar hanya ta tsaya ƙyam. Bayin suka yi ta daka mata tsawa, ta yi kunnen uwar shegu, har igiyar ta goge ta a ƙirji. Ta dubi jan, ta kama hanyar tsauni. Na bi ta.

A bakin shiga wani dattijo mai suna Kiriton ya tare ta da sanda.

"Iya, kin ɓata hanya, kasuwa na can ƙasa."

"Ban ɓata ba, Baba. Dubi zanena. Igiyarku ce ta kira ni, ga ni na zo."

Aka fashe da dariya, wani ya tambaya ko ta taho musu da burodi. Ta ce maza biyu ta ba teku, a nuna mata wanda ya fi ta bayarwa a cikin masu ɗaga hannun nan. Hannu ɗaya kawai take so ta ɗaga. Bayi suka ɗauke ta cak suka dire ta a gindin tsauni, daga nan muka ji ihun amincewa.

Da yamma Fidon ya dawo yana sunkuyar da kai, ya roƙe ta ta wanke zanen, abokansa sun ishe shi da tsokana. Ta tambaye shi ko ya ɗaga hannu. Ya ce ya ɗaga. Ba ta zage shi ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta toya masa guzuri, zanen kuwa bai ga ruwa ba.

Jirginsu bai dawo ba. Ranar da gari ya yi jana'izar mayaƙa, aka ɗauko makara ɗaya babu kowa a kai, ta waɗanda ba a ga gawarsu ba. A nan kam an yarda mata su zo su yi kuka. Kiriton ya matso da ladabi, ya ce ta zo sahun gaba inda ake girmama iyaye mata, amma ta rufe jan nan da baƙin mayafi.

"Ranar da zan hana, kun ce ba ni aka kira ba," in ji ta. "Yau da za a yi kuka, kun tuna da ni."

Ta kwance zanen na sama, ta shimfiɗa a kan makarar, jan yana kallon jama'a. Ba wanda ya yi ƙarfin halin cire shi. Ni na yi kukan, ita ko ɗigo.

Da ranar taro ta sake zagayowa, bayi suka jawo igiya, suka tarar da ita a tsakiyar hanya da sabon farin zani.