Hidimar da Malam Ya Ƙi Sa wa Farashi

Mun zo Yamai ba da daɗewa ba bayan an sauke tutar Faransa, ni da maigidana da ƴarmu ta fari a goye. Daga wani ƙauye kusa da Maradi muka taso, a bayan kamyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gyaɗa. Maigidana mai bishara ne, kowa Malam yake ce masa, har da ni. Ƴan'uwa Kirista Hausawa da neman abinci ya kawo birni, direbobi da teloli da masu gadi, su suka aika suna neman wanda zai riƙa yi musu sujada da harshensu. Ba su yi masa alkawarin albashi ba, shi kuma bai tambaya ba. Ni ce na tambaye shi a hanya, ya ce in mun isa za mu gani.

Bukoki, unguwar da muka sauka, a lokacin ta ci sunanta. Bukkoki ne na zana da ƴan ɗakunan laka nan da can, akuyoyi na yawo tsakaninsu. Majami'armu rumfar kara ce a tsakar gidan wani tela. Ran Lahadi yakan tura keken ɗinkinsa gefe, a shimfiɗa tabarmi, mu raira waƙa har maƙwabta su leƙo ta kan danga. A rumfar Malam yake ɗaura aure, ya yi wa jarirai addu'a, ya koya wa manya karatu da yamma. In an yi rasuwa, shi ne gaba da gatari da shebur. Bai taɓa cewa a kawo wani abu ba.

Abin da aka kawo shi muke ci. Direba in ya dawo daga Gaya ya sauke mana rogo a ƙofa. Matar tela ta aiko da kwanon miya. Maƙwabciyarmu, wata Bazabarma musulma, ita ta koya mini haɗa kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kuma in ta ga hayaƙi bai tashi a gidanmu ba sai ta turo ƙwaryar fura, ta ce wai ta dama da yawa ne. Amma akwai ranakun da babu wanda ya tuna, don kowa yana tsammanin wani ya kai. Irin waɗannan ranakun Malam yakan zauna yana saƙa igiyar gado ya kai kasuwa, ni kuwa in yi ta wanke tukunyar da ba ta yi datti ba.

Cikin jama'armu akwai wani ma'aikacin gwamnati da muke kira Shef, don shi ne babba a bironsu, wato ofishinsu. Mutumin kirki ne, mai son tsari. Wata rana ya zo gaishe mu ya tarar ina ba yarinya ruwan kunu tsararo. Fuskarsa ta canza. Lahadin da ta biyo, bayan sujada, ya miƙe ya ce:

"Ƴan'uwa, ƙasa ta samu ƴanci, komai yana shiga tsari. Likita ana biyansa, mai koyarwa a lakwal ana biyansa. Malam kaɗai ne zai yi aiki iyalinsa na kwana da yunwa? A yanka wa kowace hidima abinta: aure, jana'iza, karatun yamma, ziyarar gida. Kowa ya san abin da ke kansa."

Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, kuma ban ɓoye ba. Malam ya roƙa a ba shi lokaci ya yi tunani.

Da muka koma gida na ce masa, "Malam, maganar Shef gaskiya ce. Ba roƙo ba ne, guminka ne."

Ya ce, "Na sani, maman yarinya. Mai aiki ya cancanci ci. Wanda ya kawo don kansa ya so, zan karɓa da hannu biyu. Amma abin da nake kai musu ban saye shi ba. Ta yaya zan tsaya a bakin kabari in ce ga kuɗinsa?"

Na ce, "To mu fa?"

Ya jawo igiyar gado ya ci gaba da saƙa. Wannan ya fi ba ni haushi, na kwana biyu ina gaishe shi sama-sama.

A hayin kogi, can Lamorde, akwai wani tsoho mutumin Tawa da ke da ɗan lambu a bakin ruwa. Shi kaɗai ne mai bi a wajen, ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ba ya iya zuwa sujada. Lokacin ba a yi gada ba, sai a kwalekwale. Malam yakan haye wurinsa a tsakiyar mako, ya karanta masa, su yi addu'a. Maganar Shef ta riga mu hayewa, ban san wa ya kai ta ba. Wata mai sayar da ganye ta tsaya a ƙofarmu ta ce tsohon ya aiko ta: Malam ya huta da zuwa tukuna, sai kabewa ta nuna.

Malam ya dube ni ya ce, "Gobe ki raka ni."

Ban taɓa shiga kwalekwale ba sai ranar. Na riƙe gefensa da hannu biyu, yarinya a bayana tana ta miƙa hannu za ta taɓa ruwa, Malam yana dariya yana riƙe da bakin zanena. Har yau in na rufe ido ina ganin hasken safiyar a kan ruwan, da mata masu wanki a gaɓa, da fararen tsuntsaye da suka tashi gaba ɗaya sa'ad da muka matso.

Mun tarar da tsohon yana jan ƙafa tsakanin kunyoyin albasa da gwangwanin ban ruwa. Da ya hango mu sai ya juya baya, kamar zai shige cikin dangar ƙaya. Malam ya yi sallama. Tsohon ya amsa bai ɗago ba, ya ce:

"Malam, ai na aika. Ba ni da abin ziyara wannan karon."

Malam ya ce, "Baba, wa ya ce maka da abin ziyara nake zuwa?"

"An ce yanzu an yanka."

"Ba a yanka ba. Kawo gwangwanin."

Ya tuɓe rigarsa ya rataya a danga, ya shiga ɗebo ruwa daga kogi. Na zaunar da tsohon a inuwa. Ya ce mini, "Ɗiyata, ba rashin abin ba ne ya dame ni. Na saba da rashi. Tunanin da na yi shi ne, ranar da na mutu, wa zai biya a haye a binne ni?" Na kwance yarinya na ɗora masa a cinya, ta kama gemunsa.

Da za mu tafi ya tsinko mana ganyen yakuwa, ya ɗaure da kaba. Malam ya karɓa ya yi godiya kamar an ba shi rago. A cikin kwalekwale bai ce mini kin gani ba. Ni kuma sai na matsa kusa da shi.

Ran Lahadi ya faɗa wa jama'a abin da ya faru, bai ambaci ko wane ne ba. Ya gode wa Shef, ya ce ƙauna ce ta sa shi magana. Sannan ya ce ba zai yanka ba. Mai so ya kawo, marar abin kawowa ya zo da kansa, ya isa. Shef ya ce, "To yunwar fa, Malam? Ba ta tafi ba." Malam ya ce haka ne.

Matar tela ce ta yi magana daga wajen mata. Ta ce matsalar ba rowa ba ce, mantuwa ce. Ta ce ita daga yau duk lokacin da za ta yi surfe za ta ɗebi hannu ɗaya na hatsi ta zuba a wata tukunya daban, wadda ta so ta yi haka, wadda ba ta iya ba babu mai leƙa ɗakinta. Aka ajiye wani tulu a bayan rumfa inda ba a ganin mai zubawa. Shef bai gamsu ba, ya faɗa a fili. Amma da aka yi masa sauyin aiki zuwa Damagaram, ya turo kekensa har ƙofarmu ya jingine, ya ce Malam ya daina cinye takalmi a hanya.

Tulun bai kore yunwa gaba ɗaya ba. Yakan cika bayan kaka, ya yi ƙasa da bazara. Mun yi ranakun kopto zalla, mun yi na nama. Tsohon Lamorde ya rasu da damina, kogi ya cika yana gudu. Mazan majami'a suka haye tare da Malam, maƙwabtansa musulmi suka taya su haƙa. A haka muka haifi sauran ƴaƴanmu, suka yi lakwal da taimakon mutanen da wasunsu har yau ban san su ba.

Malam ya riga ni tafiya da daɗewa. Yanzu ina zaune a gidan ɗana a unguwar Banifandu, ɗakina da fanka, abinci yana zuwa kafin in nema. Ba na cewa wancan lokacin ya fi daɗi, na san abin da cikina ya ji. Amma da yamma in an fara sanyi nakan fito da kujera bakin ƙofa. Wani lokaci mai keke yakan shigo layin a hankali, rigarsa fara, sai in ga na gyara ɗankwalina. Jikata ta tambaye ni wa nake jira. Na ce mata kakanta ya cika tsayawa gaisuwa a hanya, tuwo yakan huce kafin ya iso. Ta ɗauko kujerarta ta zauna kusa da ni, ta ce in ba ta labarinsa.