Kaskon Kaka

Wata Juma'a cikin zafin 1984, ana saukowa daga masallaci, Babanmu ya shigo gidanmu na unguwar Bani Malik da mutum biyu ɗauke da mukayyif, na'urar nan mai hura sanyi. Aka fasa bango aka cusa shi a ɗakin da mu yara muke zama da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ba ta fi wata biyu da zuwa Jidda daga Damagaram ba. Mu kam murna ba a magana! Duk bayanmu ƙurajen zafi ne, ƙanwata Hindu tana susa har jini ya fito. Muka jeru gaban akwatin muna hangame baki iska na shiga.

Kaka kuwa sai ta naɗe cikin bargo, hanci kawai a waje. "Wannan wane irin gari ne, zafi a waje, ɗari a ɗaka?" Gwiwoyinta suka kumbura, ko sujada sai da ƙyar. Wata rana Baba ya dawo cin abinci ya tarar ta hura gawayi a kaskon turaren Umma tana jin ɗumi, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Ya ce, "Inna, haram aleki, ai sai ki shaƙe mana yara!" Ta ce halas, magana ta ƙare, a nemo mata jirgi, gida za ta. Na yi kuka ranar har na shiɗe, don ni duk duniya ba ni da kamar Kaka. Ita ke min kitso, ita ke ɓoye min ƙanzo.

Baba ya kashe na'urar, ya ce kar wanda ya sake taɓa ta. Kwana biyu muna jiƙe sharkaf da gumi, Hindu na kuka tana susa. Rana ta uku bayan azahar, Kaka ta daɗe tana kallon bayan yarinyar, sannan ta dogara sanda ta tashi, ta murɗa maɓallin da hannunta. Ta ɗaga gefen bargo ta ce min, "Yalla, maza zo ki kwanta kan gwiwoyin nan. Daga yau ke ce kaskona." Shekara shida ina wannan aiki, har Allah Ya karɓi abarsa.

Yau aure ya kai ni ƙasar da ƙanƙara ke toshe ƙofa. Gidan ɗumi ko'ina, 'yata na yawo da 'yar shimi, kowa yana ɗakinsa. Idan kewar Kaka ta taso min, nakan faki idon yarinyar in rage ɗumin, in zauna da bargo ina jira. Ba a minti goma sai ga ta tana neman shiga bargon.