Cindon Hadiza da Waken Malam Isaka

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Isaka makwancinsa a Dogon Dutsi. Tare muka koyar a kwaleji, shi kimiyyar halittu, ni Faransanci. Wato shi yana bayanin yadda rai ke gudana, ni ina farautar kurakurai da jan biro. Amma ba aikin lakwal, wato na makaranta, ya sa nake tuna shi ba. Aurena ya ceta.

Hadiza, wadda nake so a lokacin, ƴar wata tunga ce bayan Matankari, inda kusan kowane gida akwai mai cindo, ɗan yatsan nan na shida da ake ɗaure wa zare tun ana jariri har ya faɗi. Ita ma da shi aka haife ta. Mahaifiyata ta ji labari ta ce faufau: Doguwa ce ta yi wa zuri'ar alama, ba za ta goya jikan iskoki ba. Na kawo mata hujjoji cikin tsararrun jimloli, ta saurare ni kamar ana karanta mata labarin wata ƙasa.

Sai Isaka ya zo gaishe ta. Ya roƙi farin wake da ja, ya cakuɗa su cikin ƙwarya.

"Inna, rufe ido ki damƙo na shuka."

Ta damƙo. Ja ya fi yawa a tafinta.

"In wanga kaɗai kika kai sabuwar gona, mi za ki girbe?"

"Ja mana. Duk karatun naka ba a koya maka wanga ba?"

"Jan ya fi farin kyau ne?"

"Wake dai wake ne. Hannuna ya faɗa kanshi."

Ya ce to haka tungar su Hadiza take. Mutane kaɗan suka sare dajin suka zauna, ɗayansu na da cindo, ya haifi ƴaƴa da yawa, aka yi ta auren gida. Akwai inda ake tankaɗe, in ji shi: a shekarar fari, hatsin da ke nuna da wuri shi ke barin iri, mai nawa ya tafi da nasa. Cindo kuwa bai hana kowa noma ba, bai ƙara wa kowa dami ba. Damƙa ce kawai.

Inna ta daɗe tana kallon tafinta. "To wa ya kai hannun nawa kan ja?"

"Allah, Inna."

"Ka ga? Da ka faɗi haka tun farko ka bar mini wakena." Ta juyo gare ni. "Ku kai goro." Shi kuma ta zaunar da shi a tabarma sai da ya ware mata ja daga fari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sauron da muke fesa wa magani yana tashi kamar an yi masa turare. Na san zai ce mu muka tankaɗe shi, muka kashe raunana muka bar jarumai suna haihuwa. Samarin tungar kuma suna tafiya cirani, suna auro mata daga Dumega da Kabi. Da ya ce an sake cakuɗa ƙwaryar, ya yi dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari.

Isaka bai haihu ba. A ƙa'idar ilimin da ya koyar, wanda bai bar iri ba ya fita daga lissafi, kuma shi da kansa yakan faɗi haka ba tare da ɗaci ba. A nan nake ganin littafin nasa bai cika ba. Gidana cike yake da ƴaƴa da jikoki, wasu da cindo wasu babu, ba ɗigon jininsa a jikin ko ɗaya, amma ba don shi ba da babu su. Shi ya sa duk ranar suna, in liman ya shafa addu'a mutane suka fara neman takalmansu, nakan ce a dakata, saura Fatiha guda.