Na Auno Batir da Karan Dawa

"Mi ka zo da shi, lamba ko tsohon batirin?" in ji mai shagon kayan mota a Wurno.

Na miƙa mishi karan dawa. Da shi na auno mazaunin batirin motata, wadda ta mace a Goronyo ɗauke da albasa.

Ya gwada karan jikin wani sabon batir, ya ce, "Alhaji, wanga zai zauna daram."

Na saya, na kai Goronyo, ya kuwa zauna daram. Sai dai kawunan batirin a juye suke, waya ta ƙi kaiwa. Na maido, ya ce abin da anka saya ba a maidowa.

Kafin in koma, Baffana ya kwashe albasar da jakuna, ta kusa lalacewa a rana.

Jama'a, wa ke son sabon batir? Karan kyauta ne.